Hanyar da Baba Ya Kashe

Talata, 7 ga Janairu, bayan la'asar

Yau ma na tarar da takalmin Nu'uman a gicciye a ƙofar kicin, an ɗora masa ganyen na'ana'a guda uku. Jiya tsintsiya ce a ƙofar banɗaki. Shekaranjiya kuwa igiyar cajar wayata aka miƙe a bakin ƙofar falo, tsaf kamar an gwada da ma'auni. Maigidan nawa ya ce ko dai aljanun Malaz, unguwarmu a nan Riyad, su ne suka shiga aikin injiniya, na ce in su ne, sun fi shi iya miƙe layi. Mun yi dariya, amma dukanmu mun san Baba ne.

Na sayi littafin nan ne don in riƙa rubuta lokutan ɗiga masa maganin ido. Wata biyu ke nan da muka ɗauko shi daga Katsina aka cire masa yanar ido, kuma aiki ya yi kyau, har lambar mota yake karantawa ta taga. Ido ya buɗe, sai wani abin ya fara rufewa. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba.

Bizarsa ta ziyara za ta ƙare ranar tara ga Fabrairu. Saura kwana talatin da uku. Ina so in san abin da yake yi da ƙofofin nan kafin ya hau jirgi, don ban tabbata mutumin da zai sauka a gida zai iya gaya wa kowa ba.

Laraba, 8 ga Janairu, da hantsi

Yau ba ni da dawam, wato ba zuwa asibiti, sai na kai masa kunu na zauna. Tun ina ƙarama yake kirana uwar 'yan tambaya, to yau na ci sunana.

Na ce, "Baba, takalmin nan na ƙofar kicin fa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ake yi da cokali. Ya ce, "Kashe hanya nake, Mansura. Kada na baya su ɓata."

Ya yi mini bayani dalla-dalla, kamar ba shi ne ya tambaye ni sau uku ko an yi asuba ba. In ayari yana tafiya a ƙasa, ba a tafiya a dunƙule. Masu ƙarfi suna gaba, masu rauni suna baya, wani lokaci tsakaninsu ya kai tafiyar rabin yini. In aka zo inda hanya ta rabu biyu, na gaba sai su kashe wadda ba za a bi ba. A ja layi da sanda a gicciye, a jera duwatsu, a ɗora ɗanyen ganye don a san aikin yau ne. Na baya in ya zo ya ga haka, sai ya bi ɗayar.

"Ba a tsallake hanyar da aka kashe," in ji shi. "Ko mahaukaci ya san wannan."

Nan na tuna labarin da marigayiya Ummanmu ta ba ni sau ɗaya tak, tana yi mini kitso, da sharaɗin kada in tayar da maganar a gabansa. Baba yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka bar gida da shi zuwa Makka a ƙasa. Shekara huɗu suna tafiya. Da suka ƙetare Bahar Maliya suka sauka can kudancin ƙasar nan, suka kama hanyar arewa. Wata rana aka sa shi ya kashe hanya saboda mahaifiyarsa, Inna Rekiya, tana baya da goyo da kumburarriyar ƙafa. Ya shagala da kallon birai, ya kashe wadda ba ita ba. Ba a ƙara ganinta ba, ita da jaririyar.

Iyakar abin da na sani ke nan game da kakata. Shekara tara ina aikin jinya a ƙasar da ta ɓata, ban taɓa buɗe taswira na duba wurin ba. Yau na ji kunyar hakan.

Juma'a, 10 ga Janairu, bayan sallah

Na buɗe taswira a waya na zauna kusa da shi. Bai kalle ta ba, ya ce ƙasa ba ta shiga cikin gilashi. Ya rufe ido ya fara lissafo zango, ni kuma ina bi da yatsa.

Jizan. Sabya. Baish. Darb. Sai ya yi shiru. Can ya ce Birk, Hali, Gunfuda, Lis.

Duk suna nan, a jere, yadda ya faɗa. Mutumin da jiya ya sa hularsa a firij. Na yi ta mamaki har Nu'uman ya leƙo ya ce ko ƙwallo muka ci.

Na tambaye shi yadda ake tafiyar. Ya ce teku a hannun hagu, duwatsu a hannun dama, in ka riƙe wannan ba ka ɓata. Ana tashi da asuba a yi tafiya har rana ta fara cizo, a nemi inuwar goriba a kwanta, sai la'asar a sake ɗaura kaya. Kasuwa suke bi, don kowane gari da ranar kasuwarsa, sai a auna tafiya yadda za a isa ana gobe za ta ci. Maza su yi dako ko ɗiban ruwa, mata su saƙa tabarmar kaba, a samu garin dawa da busasshen kifi na zango na gaba.

Na ce, "Dawa, Baba? A Saudiyya?"

Ya ce, "Ke Riyad kika sani, garin siminti. Can akwai dawa, akwai gero, akwai riɗi, raƙumi ke juya injin matse shi. Bukkokinsu ma irin namu ne. Ranar da muka sauka daga kwalekwale, Inna ta ce ko dai matuƙin ya mayar da mu gida ne."

Wannan ne karo na farko da na ji maganar kakata daga bakinsa. Na yi kamar ban lura ba, na ƙara masa shayi.

Lahadi, 12 ga Janairu, da yamma

Tsakanin Darb da Birk akwai tafiyar kwanaki, kuma kullum nan yake yin shiru. Na gwada shi sau biyu yau.

Talata, 14 ga Janairu, lokacin hutun rana, a asibiti

Matambayi ba ya ɓata. Ashe Nazira da muke aiki a ɗaki ɗaya da ita shekara uku 'yar can kudun ce, garinsu yana kusa da Muhayil, a gindin duwatsun. Ni dai na san ta da kawo zuma da son takalman gudu. Ashe duk hutu sai ta tafi gida ta shiga ƙungiyar masu tafiyar ƙasa, su bi tsofaffin hanyoyin da ke tsakanin ƙauyuka, kwana biyu ko uku, da jaka a baya.

Na ce mata, "Ku da mota da man fetur kamar ruwa, me ya yi zafi?"

Ta ce likitoci sun ce yana da kyau ga zuciya. Na ce ubana ya yi shekara huɗu yana wannan magani, ba wanda ya ba shi lambar yabo. Ta yi dariya har ta ƙware da gahawa.

Ta ce tsofaffinsu suna ba da labarin Takari, wato mutanenmu, da suke wucewa a ƙasa da sanda da gora. Ta ce wasu ba su wuce ba, sun zauna, jikokinsu suna nan sun zama 'yan ƙasa. Na tambaye ta inda hanya take rabuwa bayan Darb. Ta zana mini a bayan takardar magani: ta hagu ta bi bakin teku, ta dama ta hau kwari zuwa cikin duwatsu. Amma ta ce mararrabar ba ɗaya ba ce, kuma ambaliya tana sauya bakin kwari kusan duk shekara.

Na adana takardar a aljihun rigar aiki. Sau huɗu na fito da ita kafin a tashi.

Laraba, 15 ga Janairu, da safe

Ya kira ni Inna. Na juya in ga wa yake nufi, babu kowa sai ni.

Alhamis, 16 ga Janairu, bayan magariba

Awa huɗu da minti goma.

Ba zan rubuta abin da na yi ta tunani a cikinsu ba. Ina wurin aiki, Nu'uman yana wanka, maigadin bene ya tafi sayen burodi. Ba laifin kowa ba ne. Na faɗi haka sau da yawa yau, har da lokacin da nake ɗaga murya.

Wani bawan Allah ne ya kira lambar da na ɗinka a cikin aljihun rigar Baba. Sunansa Malam Jibirilla, direban motar ruwa ne, mutumin Gumel, yana zaune a unguwar Sulay. Ya ce hular ce ta sa ya taka birki. Ya hango dattijo da zanna-bukar a wata mararraba can arewa da mu, inda ake gini, ya duƙa yana jera gutsattsarin bulo a bakin titi.

Da ya kawo shi ya ƙi zama, a tsaye ya ba mu labari. "Na ce, Baba, sannu da aiki, ina zuwa haka? Ya ce Gunfuda. Na ce kai, Baba, ai da nisa. Ya ce kwana goma ne in ƙafa ta ba da haɗin kai, amma ba zai tafi ba sai na baya sun iso. Wallahi Hajiya, sai da na ce masa na baya sun aiko ni in ɗauke shi, sannan ya shiga mota."

Baba kuwa ko a jikinsa. Ya ce garin nan ba su iya hanya ba, ko'ina mararraba, kuma babu ganye.

Ƙafarsa ta dama ta yi bororo biyu. Na wanke na ɗaure.

Juma'a, 17 ga Janairu, da rana

Nu'uman ya sa wa ƙofa sakata ta sama, inda hannun Baba ba ya kaiwa. Ya yi daidai. Ban yi masa magana ba tun safe.

Lahadi, 19 ga Janairu, bayan la'asar

Mun ga likita. Ya sa Baba ya zana agogo, ya ce ya riƙe kalmomi uku. Baba ya zana agogon da lambobi duk a gefe ɗaya, ya ce kalmomin kuma ai ba a ba shi ajiyarsu da shaida ba. Likita ya faɗi sunan abin. Na san sunan tun kafin ya buɗe baki, na sha rubuta shi a fayil ɗin iyayen wasu. A littafin nan ba zan rubuta shi ba.

Na tambaya ko zan iya kai shi kudu, kwana biyu kawai, jirgi zuwa Jizan sannan mota. Likita ya ce baƙon wuri zai ƙara rikita shi. Nu'uman ya kalli silin.

A mota na ce, "Injiniya, faɗi abin da ke bakinka."

Ya ce, "Don shi kike son zuwa, ko don ke?"

Abin haushi da Nu'uman shi ne, ba ya cika magana, ranar da ya yi kuma sai ta zama gaskiya.

Litinin, 20 ga Janairu, da yamma

Yaya Kamil ya kira daga Katsina. Ya ce a sauya tikiti a dawo da shi makon nan, gida ya fi, akwai mutane, akwai masallacin da ya saba. Na ce a bar shi ya cika kwanakinsa. Ya ce, "Ke dai kina da wani abu a ranki." Na ce maganin ido ne bai ƙare ba. Allah ya yafe mini, saura kwalba guda kuma ko a Katsina ana ɗigawa.

Na tambaye shi ko Baba ya taɓa yi masa maganar hanyar. Ya ce, "Wace hanya? Maganar birai? Mansura, ki bar tsoho ya huta. Abin da ya yi yana yaro ya isa haka."

Laraba, 22 ga Janairu, da hantsi

Tunda ƙafa tana son tafiya, na ce gara in ba ta. Na karɓi hutun mako biyu. Kullum da safe muna zagaya lambun unguwa, shi da sanda, ni da jakar ruwa. Sanyi ake yi sosai, na naɗe shi da rigar sanyin Nu'uman, ya zama kamar buhun gyaɗa mai hula.

Ba ya son gefen da aka shimfiɗa wa roba don masu motsa jiki. Ya ce ƙasa mai laushi maƙaryaciya ce. Ya koya mini yadda ake taka yashi, a shimfiɗa tafin ƙafa gaba ɗaya, kada a caka yatsu. Ya ce a hawan dutse ba a kallon sama, ana kallon dugadugan na gabanka. Ya ce ba a shan ruwa a tsaye a zango, kuma ba a tambayar saura nawa.

Na ce, "To in mutum ya gaji fa?"

Ya ce, "Sai ya gaji yana tafiya."

Muka ga wasu mata biyu suna sauri da sanduna bibbiyu, sun sa agogon ƙirga taku. Ya tsaya ya bi su da kallo, ya ce, "Waɗannan wa ya rasu?" Na yi dariya har na zauna a benci. Rabona da irin wannan dariyar tun kafin sakata.

Asabar, 25 ga Janairu, bayan la'asar

Nazira ta zo da zuma da hotunan tafiyarsu. Na haɗa wayarta da talabijin. Na yi zaton zai ce ƙasa ba ta shiga gilashi, sai ga shi ya ja kujera har gaban allo.

Ni kam ban taɓa ganin wurin ba. Kwari mai faɗi cike da farin yashi, goriba a gefe, magarya, sannan duwatsu baƙaƙe suna hawa kan juna har cikin hazo. Siririyar hanya tana nannaɗe dutse, an jera mata matakala tun zamanin kakanni. Gidajen dutse masu tsawo, tagoginsu da farin fenti. Wani tsoho da furanni a ka yana sayar da zuma. Ga birai kuwa, garke guda a kan wata katanga, suna kallon masu tafiya kamar su ne masu karɓar haraji.

Baba ya fara yi mata Larabci. Ba irin nawa na asibiti ba, wani tsohon Larabci mai nauyi. Nazira ta dafe ƙirji ta ce rabonta da jin wasu kalmomin tun rasuwar kakarta. Ta koma kiransa Ammi, wato baffa da Larabci, shi kuma yana ce mata 'yata.

Ta ce su ma suna jera duwatsu a mararraba, amma su hanyar da za a bi suke yi wa alama. Ya ce wannan aikin banza ne, in iska ta rushe alamar fa? Suka yi ta musu kamar tsofaffin abokai. Sai ta yi masa tambaya irin ta mai tafiya, ba da wata manufa ba, don ban taɓa ba ta labarin kakata ba.

"To Ammi, ku da za ku Birk, da kuka wuce Darb, wacce ka kashe?"

Ya ce, "Ta dama."

"Ta dutse ke nan."

"Ta dutse. Layi biyu na ja, na jera duwatsu bakwai, na karyo magarya na ɗora. Har ƙaya ta soke ni a nan." Ya nuna gindin babban yatsansa.

Ta ce, "Daidai ne, ta teku ce ta hagu. Ka iya aikinka." Ta wuce hoto na gaba.

Ni kuwa tiren shayi na ajiye a ƙasa, don na ji ba zan iya kai shi tebur ba. Shekara kusan saba'in ana faɗin labarin nan a gidanmu a ɓoye, ba wanda ya taɓa tambayarsa dama ko hagu.

Lahadi, 26 ga Janairu, da safe

Wataƙila ya rikice ne. Mutumin da ke sa hula a firij.

Lahadi, da azahar

Amma bai taɓa kuskuren zango ko ɗaya ba. Na sake gwada shi da dabara, na ce ta hagu ya ce ya kashe ko? Ya ce, "Ta dama. Kunnenki ƙalau?"

Talata, 28 ga Janairu, da yamma

Na tambayi Nazira ko awaki za su iya share layi. Ta ce layi dai, amma ba duwatsu bakwai ba. Na ce ambaliya fa? Ta ce in an yi ruwa. Na tambayi Baba ko an yi ruwa ranar, ya ce rabon ƙasar da ruwa tun kafin su sauka.

Nu'uman ya ce na zama ɗan sanda. Ya faɗa da wasa, ya kuma kawo mini shawarma ba tare da na roƙa ba, to mun shirya ke nan.

Saura kwana goma sha biyu. Jiya bai gane Nu'uman ba, ya gaishe shi da ladabi ya tambaye shi ko shi ne mai gidan.

Alhamis, 30 ga Janairu

Bai yi magana ba yau sam.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, da hantsi

Ya tashi garau. Ya kira ni da sunana, ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce rigar sanyin nan ta surukinsa ce, a mayar masa. A lambu muka zauna a benci, ban tambaye shi komai ba, wallahi ban tambaya ba. Shi ya fara.

"Kin ji abin da na gaya wa yarinyar nan."

Na ce na ji.

Ya daɗe yana kallon sandarsa. Ya ce bayan ya kashe hanyar, an ce ya ruga ya cim ma maza, amma bai tafi ba. Ya ɓuya a bayan wani dutse mai tsaga, yana so in ta iso ya yi tsalle ya ba ta tsoro, don ta kwana biyu ba ta yi dariya ba. Ta iso tana ɗingishi, jaririyar, Bilƙisu, a bayanta. Ta tsaya a kan layin. Ta kalli duwatsun, ta kalli ganyen, ta kalli hanyar teku inda sawun mutanenta yake. Ta gyara goyo. Ta ɗaga ƙafar mai ciwon ta tsallake, ko dutse ɗaya ba ta taɓa ba.

"Na zaci wasa take. Na ce bari ta juyo. Har ta sha kwana."

Na ce, "Ba ka kira ta ba?"

"Ban kira ba."

Ya ce 'ya'ya biyu ta binne a hanyar Sudan. Ya ce ana gobe, a bakin wata rijiya, matan dutse sun ba ta nono, sun shafa mata magani a ƙafa, sun daɗe suna magana da hannu. Ya ce mahaifinsa malami ne, mutane suna girmama shi, Allah ya jiƙansa. Yadda yake da ita a cikin gida kuwa bai faɗa ba, ni ma ban matsa ba.

Da ya cim ma ayari da la'asar aka tambaye shi, sai ya ce birai yake kallo, bai san wadda ya kashe ba. Kafin su koma ya riga su da gudu ya watsar da duwatsun. Kwana uku suna nema a wata mararrabar da ya nuna musu, ba inda ta bi ba.

Na ce, "Baba, don me?"

Ya ce, "In na ce ta tsallake, mahaifina zai bi ta. Kuma zai same ta."

Mahaifinsa bai dake shi ba. Bai dai ƙara cin abinci a kwano ɗaya da shi ba har ya rasu.

Na yi kuka a gaban masu motsa jiki, ban damu ba. Tausayinsa ya kama ni, da na matar da ban sani ba, da wani fushi da ban san inda zan kai shi ba. Shi kuwa ya ce in share fuskata, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya ce kada in gaya wa Kamil, shi yana ɗaukar abu da zafi.

Talata, 4 ga Fabrairu, da yamma

Na ce wa Nazira in sun tashi tafiya a watan gobe ta sa sunana. Ta dubi takalmina ta ce sai na sayi na kirki. Ta ce akwai ƙauyuka a kwarin da tsofaffi suke riƙe da labarin kowace baƙuwa da ta taɓa zama. Na ce ba neman kowa zan je yi ba. Ta ce to. Mu biyun mun san ƙarya nake.

Jaririyar, in tana raye, ta kusa saba'in.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da safe

Na tayar masa da maganar benci a hankali. Ya ce wane benci? Ya tambaye ni ko an yi asuba.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da hantsi

Gobe ne jirgi. Nu'uman zai raka shi har gida, ni hutuna ya ƙare.

Ina ninke kayansa a akwati, shi yana zaune a bakin gado inda rana take shigowa. Tun safe bai san ni ba. Can ya ce, "Inna."

A wurin aiki muna koya wa dangi kada su yi musu da mai irin wannan lalura, duk inda yake a same shi a can. Faɗa da sauƙi. Na ajiye rigar da ke hannuna na ce, "Na'am."

"Kin ga layin?"

"Na gani."

"Na ja shi da kyau?"

"Da kyau ƙwarai."

Ya gyaɗa kai. Ya sunkuyar da kai yana murza gindin yatsansa, sannan ya ɗago. Muryar da ta fito ba ta dattijo ba ce.

"Ni fa? Kin gan ni? Ina bayan dutsen."

Ban san abin da ta gani ba, kuma duk duniya babu mai sani. Wataƙila ta hango gefen rigarsa ta kau da kai don kada ƙafarta ta ƙi ɗaguwa. Wataƙila ba ta ga komai ba sai hanya. Yana kallona da idanun nan da muka sha wahala aka wanke, yana jira.

Tun da aka haife ni ban taɓa kiran sunan ubana ba. Na durƙusa a gabansa na kama hannunsa.

Na ce, "Ban gan ka ba, Maiwada. Da na gan ka, da ban iya wucewa ba."

Ya ƙura mini ido har na tsorata. Sai fuskarsa ta saki, ya yi wata 'yar dariya ta jin daɗi, irin ta yaron da ya ci wasa.

Ya ce, "Ai na sani. Na iya ɓuya."

Ya ce in ba shi ruwa. Na kawo, ya sha a zaune, ya kwanta ya juya wa taga baya, barci ya ɗauke shi nan take. Na ƙarasa haɗa akwatin a hankali don kada ƙarar zif ta tashe shi.